Ra'ayinmu: Gwani Shi Ne Wanda Ya San Lokacin Fita



A wannan fitowar, shafin ra'ayi na mujallarmu zai taɓo batun da ɗalibai da yawa suka sani fiye da yadda suke nunawa a gaban malamai, wato wasannin harbi na waya da kwamfuta. Ba duka za mu ɗauko ba. Nau'i ɗaya muka ware, wanda mu a Ƙungiyar 'Yan Jarida muka laƙaba wa suna "kwashi-ka-fice". A cikinsa ake samun Arena Breakout na waya, da Escape from Tarkov na kwamfuta, da ɓangaren Metro Royale da ke cikin PUBG Mobile. Kafin mu yi nisa, dokar makaranta game da waya tana nan daram, ba mu zo rusa ta ba. Maganar hutu da ƙarshen mako muke yi, ga wanda iyayensa suka yarje masa.

Ra'ayinmu ɗaya ne. A wannan wasa, gwani shi ne wanda ya san lokacin da zai ce "ya isa", ya juya ya nufi ƙofa. Saurin hannu da iya saiti suna da amfaninsu, amma a bayan wannan suke. Duk dabarun da za mu jero a ƙasa daga wannan maganar suka tsiro.

Yadda wasan yake

Wanda ya saba da Free Fire ko PUBG Mobile ya san tsarinsu. Mutum 50 ko 100 su sauka a tsibiri hannu wofi, kowa ya tsinci makami, da'ira ta riƙa matsewa, wanda ya rage shi ne zakara. In an kashe ka, sai ka danna ka sake shiga, ba ka rasa komai ba in ban da ɗan maki.

A kwashi-ka-fice kuwa kana da rumbu da kake tara dukiya a ciki. Kafin kowane zagaye, kai za ka zaɓi bindiga da harsashi da rigar sulke da hular kwano da magani da jakar baya, daga abin da ka tara ko ka saya da kuɗin wasan. Sai a jefa ka fili tare da wasu 'yan wasa da kuma mayaƙan da kwamfuta ke sarrafawa. Ka bi gidaje da shaguna kana tara ganima. Daga nan dole ka isa ɗaya daga cikin ƙofofin fita da aka ba ka, ka tsaya 'yan daƙiƙoƙi har a ɗauke ka, kafin agogon zagayen ya cika. In ka fita, duk abin da ke jikinka ya shiga rumbunka. In aka kashe ka, ko lokaci ya ƙare kana ciki, ka rasa ganimar, ka kuma rasa kayan da ka shigo da su. Wanda ya kayar da kai zai tsuguna a kanka ya zaɓi abin da ransa ke so. A yawancin waɗannan wasanni, abin da ke tsira kawai shi ne wanda ka cusa a wani ɗan ƙaramin akwatin amana da ba a iya ƙwacewa.

Tsarin yana da tarihinsa. A 2016 kamfanin Ubisoft ya fitar da The Division, wanda ke da wani yanki da sai ɗan wasa ya kira jirgi mai saukar ungulu ya ɗaura masa ganimarsa a igiya kafin ta zama tasa. A 2017 kamfanin Battlestate Games na Rasha ya buɗe gwajin Escape from Tarkov, wanda ya zama uban wannan nau'i, ko da yake sai a Nuwamban 2025 cikakkensa ya fito. Kamfanin Crytek na Jamus ya kawo Hunt: Showdown a 2018. Metro Royale ya shigo PUBG Mobile a 2020, Arena Breakout ya fita ga duniya a Yulin 2023, sannan kamfanin Embark na Suwidin ya saki ARC Raiders a Oktoban 2025. Sunaye da wurare sun bambanta, amma dokar ɗaya ce: abin da ba ka fita da shi ba, ba naka ba ne.

Lissafin faɗa

Babban abin da ke talauta sababbin 'yan wasa shi ne ɗabi'ar da suka ɗauko daga Free Fire, wato da jin harbi a nufi wurin. Bari mu sa lissafi a kai, malaman lissafi su duba mana. Adadin misali ne kawai, da kuɗin Arena Breakout da ake kira Koen.

A ce kayan da ka shigo da su sun kai 20,000. Yanzu ka sauka, jakarka babu komai, sai ka hango wani da kayan jikinsa za su kai 30,000. In ka yi nasara ka ci 30,000, in ka faɗi ka rasa 20,000. Ko da sau 4 cikin 10 kake cin irin wannan faɗa, ba ka faɗi ba: 4 sau 30,000 ya ba da 120,000, haka 6 sau 20,000 ya ba da 120,000. Duk abin da ya haura haka riba ce.

To, a ce minti 20 sun wuce, jakarka ta cika da ganimar 60,000, sai ka hango wannan mutumin dai. Ribar nasara tana nan a 30,000, amma asarar faɗuwa ta koma 80,000, wato kayan jikinka da na jakarka. In ƙarfinku ɗaya ne, kuka kara sau 10, za ka ci 150,000 ka rasa 400,000. Kafin wannan faɗa ya biya kuɗin sabulu, sai kana cin kusan 73 cikin 100 na irinsa. Mutum nawa ne a cikinmu ke da wannan hannun?

Abokin faɗan bai canza ba, bindigarka ba ta canza ba. Jakarka ce ta yi nauyi, sai faɗan da ɗazu ya dace ya koma wauta. Saboda haka duk lokacin da ka ƙara wani abu mai tsada a jaka, ka tambayi kanka nawa kake ɗauke da shi yanzu. Tun kafin ka shiga ka yanke adadin da in ka kai shi za ka kama hanyar fita. Idan ka kai, ka tafi, ko da akwai ɗaki ɗaya da ba ka buɗe ba. Wannan "ɗaki ɗaya" ya cinye jakunkuna fiye da kowane gwanin harbi. Garin neman gira ake rasa ido.

Wasu za su ce wannan tsoro ne. Hausawa sun riga sun ba su amsa: ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Wasan kansa bai ce sai ka kashe kowa ba. Kana iya shiga ka fita da dukiya ba tare da ka harbi ɗan wasa ko ɗaya ba, kuma rumbunka ba zai tambaye ka mutum nawa ka kayar ba.

Kayan da za ka shiga da su

Mutane biyu ne ke shan wahala a nan. Na farko mai tsoron asara, wanda ya tara manyan bindigogi a rumbu ya ƙi taɓa su, kullum da ƙaramar bindiga yake shiga ana kashe shi kamar kaza. A Tarkov irin wannan ya yi aikin banza, domin shekaru da dama kamfanin ya riƙa share rumbunan kowa bayan 'yan watanni a sake sabon lale. Na biyu mai fankama, wanda ke kwashe rabin rumbunsa ya sa a jiki a zagaye ɗaya.

Lissafi zai raba gardamar. A ce cikin zagaye 10 kana fita lafiya a 4. In kayanka na 20,000 ne, faɗuwa 6 ta ci maka 120,000, don haka kowace fita sai ta kawo 30,000 kafin ka mayar da uwar kuɗi. In ka koma kayan 60,000, asarar ta zama 360,000, kowace fita sai ta kawo 90,000. Kaya mai tsada yana biyan kansa ne kawai idan ya ƙara yawan fitarka sosai. Shawararmu ita ce kada ka sa kayan da ba za ka iya sayen irinsu sau biyar ba tare da rumbunka ya girgiza ba.

In kuɗi ya yi ƙaranci, ka fifita harsashi a kan bindiga. A Tarkov da Arena Breakout an kasa sulke mataki 6, kuma kowane harsashi yana da iyakar sulken da yake iya hudawa. Bindiga mai tsada da harsashi mai arha ba za ta yi wa mai sulke na 5 komai ba sai ƙara, alhali tsohuwar bindiga da harsashi mai kyau za ta kayar da shi. Wanda bai da kuɗin harsashi mai huda sulke, sai ya nemi inda sulke bai rufe ba, wato ƙafafu ko fuska. A Tarkov jikin ɗan wasa yana da maki 440 na lafiya, amma kai 35 ne kacal, ƙirji 85, kuma da ɗaya cikin biyun ya ƙare mutum ya tafi. Wannan ya sa hular kwano ba ado ba ce.

Magani ma iri-iri ne, kowanne da aikinsa. Akwai na tsayar da jini, akwai na ɗorin karaya, akwai na kashe zafi da zai bar ka ka yi gudu da ƙafar da ta ji rauni. Wanda ya shiga da iri ɗaya kawai zai iya cin faɗa, sannan jini ya ƙarasa shi a hanyar ƙofa. Magani mai tsada da mabuɗai da ƙananan abubuwa masu daraja, wurinsu akwatin amana. Ka cika gidajen harsashinka tun kana rumbu, domin cika su a fili yana cin lokacin da ba ka da shi.

In kuma talauci ya yi sallama, akwai ƙofar rahama. Tarkov yana barin mutum ya shiga a matsayin ɗaya daga cikin mayaƙan da ake kira Scav, Arena Breakout yana da makamancinsa mai suna Covert Ops, ARC Raiders ma yana ba da kayan kyauta. Wasan ne ke ba ka kaya, in ka mutu ba ka rasa naka ba, in ka fita ka ƙaru. A biyun farko, yawancin mayaƙan kwamfuta ba sa taɓa ka muddin ba kai ka fara harbinsu ba. Babu wurin koyon hanya da ya fi wannan arha.

Taswira da agogo

Ka zaɓi fili ɗaya ka lazimce shi har ka san shi kamar unguwarku. A Arena Breakout sababbi kan fara da Farm, wato gona, a Tarkov kuma da yawa sun koyi wasa a Customs. Wanda ke tsalle daga fili zuwa fili baƙo ne a ko'ina, baƙo kuwa ko da ido makaho ne.

Abin farko da za ka duba da ka sauka shi ne ƙofofin da aka ba ka, domin ba kullum ake ba ka iri ɗaya ba, kuma sau da yawa suna can ɗaya gefen filin. Wasu a buɗe suke koyaushe. Wasu sai ka biya kuɗi, wasu sai an kunna wani makunni, wasu kuma sai ka yar da jakar bayanka kafin su karɓe ka. Ka riƙe biyu a ranka, ta farko da ta ko-ta-kwana. Mutumin da ya iso ƙofa saura minti ɗaya, sannan ya gano tana neman kuɗin da bai zo da shi ba, ba shi da wanda zai zarga.

Ka kuma san inda wasu ke sauka. Mintunan farko suna da haɗari saboda kowa ya san wuraren da ake jefa mutane, gwanaye kan nufi maƙwabtansu kai tsaye. Sannan kowane fili yana da wurin da ganima ta fi yawa, kamar masaukin baƙi na Motel a Farm, ko ɗakunan kwana na Dorms a Customs, inda wani lokaci shugaban mayaƙa Reshala ke zaune da masu tsaronsa. Inda zuma take nan ƙudan zuma suke. Sabon ɗan wasa ya fi samun riba a gefe-gefe, ko ya jira ƙura ta lafa ya zo ya tsinci abin da manya suka raina, domin su ma jakarsu tana da iyaka.

Wajen cika jaka, ka auna daraja da gurbin da abu ke ci. Abin da ya cinye gurbi 6 ya kawo 12,000 bai kai ƙananan abubuwa 6 masu 4,000 kowanne ba. Nauyi ma yana da farashi, domin mai kaya da yawa ba ya gudu, numfashinsa kan ƙare da wuri.

Game da agogo, ka raba lokacinka uku: kashi biyu na nema, kashi ɗaya na komawa. Idan ka kusa ƙofa kada ka ruga da gudu. Akwai masu laɓewa a bakin ƙofa suna jiran wanda ya gama wahala su karɓe. Ka tsaya daga nesa ka saurara, ka leƙa lungunan da kai ma za ka ɓuya da kai ne, sannan ka shiga.

Kunne ya riga ido

Wanda ke buga wannan wasa ba iyafis a kunne ya bar rabin makaminsa a gida. Takun ƙafa a kan katako daban yake da na ƙarfe ko ciyawa. Buɗe ƙofa, zuge jaka, sauya gidan harsashi da ɗaure rauni duk suna da ƙara, kuma kowace ƙara labari ce. In ka ji mutum yana ɗaure rauni, ka san ya jikkata kuma hannunsa ba ya kan kunama. In ka ji harbi ya ɗauke bayan an daɗe ana musaya, ka san wani ya faɗi, wanda ya rage kuma ya raunana.

Yadda kake jin wasu haka suke jin ka. Gudu yana tallata ka, don haka ka ajiye shi sai wajen tsallaka fili ko tserewa. Masu Hunt: Showdown sun gina wasansu kacokan a kan wannan: sun baza hankaki da karnuka da dawakai a hanya, da ka matso su tashi da kuka, duk filin ya san inda kake. Harbi kuwa ya fi komai nisan zango. Duk harsashin da ka saki gayyata ce ga na uku, wanda zai jira ku gama raunata juna ya zo ya kwashi biyu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Shi ya sa bayan ka kayar da mutum ba gawarsa za ka fara nufa ba. Ka sauya wuri, ka sa sabon gidan harsashi, ka yi magani, ka saurara. Mutane da yawa ba su kaɗai suke yawo ba, kuma abokin mamacin ya san daidai inda za ka tsuguna. In ka tabbata shiru, ka ɗauki mafi daraja ka bar wurin.

Abokan tafiya

Shiga da abokai yana ƙara ƙarfi, amma yana da sharuɗɗa. A Tarkov babu alamar da ke nuna maka abokinka a kan allo, kuma harsashinka yana kashe shi kamar kowa. Don haka magana ta zama gajeriya mai amfani: "mutum ɗaya, bene na biyu, tagar hagu". "Ga shi can! Ga shi can!" ba ta taɓa ceton kowa ba. Idan ɗaya yana kwasar ganima, ɗaya ya tsaya gadi. Kada ku cunkushe a ƙofa ɗaya, gurneti guda zai ishe ku. Ku yi yarjejeniyar rabo tun kafin ku shiga, ku kuma amince cewa in ɗaya ya ce a fita, an fita. Mun ga abotar aji da ta yi tsami saboda hular kwanon da babu ita a duniya, abin da bai kamata ya faru ba.

Baƙon da ka haɗu da shi a fili kuwa, ka yi masa kyakkyawan zato da ido a buɗe. A ARC Raiders 'yan wasa na iya magana da wanda ke kusa da su, kuma sau da yawa sukan yi sulhu su haɗu su yaƙi injinan da ke farautar kowa. Abu ne mai kyau, amma kada ka ba shi baya a bakin ƙofa. Kai kuma in ka ba da amana ka riƙe ta. Wasa ne, amma mutum ne a ɗaya gefen, kuma hali zanen dutse ne.

Layi da caji da kiran Mama

Akwai abokan gaba da ɗan wasan Turai bai cika damuwa da su ba, mu kuwa kullum muna tare. Kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa sau da yawa suna nesa da mu, saƙon harbinka sai ya je can ya dawo. Lambar da ke saman allo tana auna wannan jinkiri. In ta yi sama, wanda ya leƙo daga lungu zai gan ka kafin ka gan shi, kana iya shigewa bayan bango amma harsashi ya same ka. Ranar da layi ke rawa, ka shiga da kaya mai arha ko na kyauta, ka guji faɗan kusa.

Ka tuna kuma ba a dakatar da wannan wasa. In data ta ƙare, ko caji ya mutu, ko kira ya shigo ya katse layin, mutuminka yana nan tsaye a fili da jakarsa har sai ka dawo ko wani ya same shi. Wasu zagayen kan kai rabin awa ko fiye. Saboda haka kafin ka danna shiga ka duba abu uku: caji, data da agogon bango. Wanda ya fara zagaye saura minti 10 a kira Magariba, ko ya san an kusa aiken sa, shi ya jefa kansa tsakanin jaka da wajibi. Wajibi ne zai ci, kuma shi ya kamata ya ci.

Kuɗin gaske

Kamfanonin nan ba sadaka suke yi ba. Sun san zafin asara, kuma maganinsa suke sayarwa. A Arena Breakout saukar da wasan kyauta ne, amma babban akwatin amana haya ake biya. A Tarkov wanda ya sayi bugu mai arha akwatinsa gurbi 4 ne, mai tsada kuma ya zo da gurbi 9. A Afrilun 2024 Battlestate ya fitar da wani bugu na dala 250, abin da ya tayar da ƙura sosai tsakanin masu wasan. Matsayinmu a fili yake: kuɗin tara da kuɗin littafi da kuɗin rajistar jarrabawa ba na akwatin amana ba ne. Wanda ya bi lissafin da muka kawo zai tara rumbu ba tare da ya kashe ko naira ba. Ku kuma yi hattara da masu tallar kuɗin wasa mai arha ko manhajar maguɗi a WhatsApp da Telegram. Ƙarshenta ko a sace asusun, ko kamfani ya rufe shi, ko a tafi da kuɗin.

Ga malamanmu, da mu kanmu

Mun san abin da malamai da dama za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. A yankinmu ƙarar bindiga ba abin wasa ba ce, akwai ɗalibai a cikinmu da iyalansu suka ɗanɗana ta da gaske. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai wasa ya rage murya, ya sa iyafis, kada ya mayar da kisa abin alfahari a gaban kowa. Wasannin ma ba na ƙanana ba ne. Hukumar PEGI da ke tantance wasanni a Turai ta sa wa Hunt: Showdown da The Division shekara 18. Ƙannenmu na ƙananan azuzuwa su yi haƙuri, yayye kuma kada su miƙa musu waya.

Damuwa ta biyu ita ce lokaci, kuma a nan muna tare da malamai ɗari bisa ɗari. Wannan wasa yana da ƙugiya irin ta caca. Wanda ya yi asara yana son ya rama, wanda ya ci yana son ya ƙara. Mai fushi kan ɗauko mafi tsadar kayansa ya ruga wurin da ya fi haɗari, ya sake faɗuwa. Dokarmu ita ce in an kashe ka sau biyu a jere, ka ajiye wayar. Ka ƙayyade yawan zagaye kafin ka fara, kamar yadda ka ƙayyade adadin ganima. 'Yan ajin ƙarshe da ke fuskantar WAEC da NECO da JAMB kuwa, jakarsu ta riga ta yi nauyi da wahalar shekara 6, lissafin da muka yi a sama ya shafe su kai tsaye. Rumbun zai jira su.

Abin da muke roƙon malamai shi ne kada a yi wa abin kuɗin goro. Ɗalibin da ya iya auna riba da asara a faɗa, ya karanta taswira, ya raba lokacinsa uku, yana amfani da abin da ake koya mana a aji ne. A tambaye shi ya yi bayanin lissafin a kan allo, za a ga ko ya fahimta. Mu kuma ɗalibai, hujjarmu ba za ta karɓu ba sai an ga muna iya kashe wayar da kanmu ba tare da an ƙwace ba. Wanda ya iya barin ɗaki ɗaya a rufe don ya tsira da jakarsa, ya kamata ya iya barin zagaye ɗaya don ya tsira da darasin gobe. Taɓa kiɗi, taɓa karatu.

Duk mai ra'ayi saɓanin namu, ɗalibi ko malami, ya rubuto ya jefa a akwatin ƙungiya. Za mu liƙa mafi ƙarfin hujja a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Ƙungiyar 'Yan Jarida